Aikin sa-kai a ƙauyen Tailan: yaya zaman yake ga Musulmi baƙo?

"Assalamu alaikum. Na gama hidimar ƙasa bara, sai wata ƙungiya ta ba ni gurbin koyar da Turanci na shekara ɗaya a makarantar firamare ta wani ƙauye a arewa maso gabashin Tailan. Sun ce masauki da abinci nasu ne, da ɗan kuɗin kashewa. Mahaifiyata hankalinta bai kwanta ba, ni ma akwai tsoro a raina. Yaya rayuwar yau da kullum take a can ga baƙo, musamman Musulmi baƙar fata? Zan iya riƙe sallata, in ci halal? Ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu uku ka ƙulla a tambaya ɗaya: ko tayin na gaskiya ne, ko za ka iya zaman, ko addininka zai tsira da kai. Na koyar a wannan yanki, daga baya kuma na riƙa karɓar sababbin 'yan sa-kai ina kai su ƙauyukansu. Abin da na gani shi ne, ba ƙwarewar Turanci ke sa mutum ya kai ƙarshen shekararsa lafiya ba. Wanda ya kai shi ne wanda mutanen gari suka saba ganin fuskarsa, ya zauna ya ci abinci da su, ya kuma faɗa musu iyakar addininsa tun makon farko, cikin fara'a, bai yi ta kwana-kwana ba. Amma kafin a zo nan akwai abin da ya fi gaggawa.

Tace tayin tukuna

A dokar Tailan aikin sa-kai aiki ne, ko da sisi ba a biyan ka. Kana bukatar bizar zama, yawanci ta rukunin O ga masu sa-kai, sannan takardar izinin aiki, kuma ƙungiya mai rajista ce ke rubuta wasiƙun da ake neman su da su. Ofishin jakadancin Tailan yana Abuja. An saba neman katin rigakafin shawara da takardar wankewa daga NDLEA a wurin 'yan Najeriya, amma sharuɗɗan biza kan canza, don haka ka ji daga bakin ofishin da kansa. Idan ka sauka, mai masaukinka zai sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24, kai kuma duk kwana 90 za ka kai rahoton inda kake zaune.

Duk ƙungiyar da ta ce maka "shigo da bizar yawon buɗe ido, sai mu gyara a nan", ka ja da baya. Dalilina ba tara ko korar da za a yi maka kaɗai ba ne. An yaudari 'yan Afirka da dama da sunan aiki a Tailan, aka ɗauke su a mota daga filin jirgin Bankok zuwa garin Mae Sot na kan iyaka, aka tsallakar da su kogin Moei zuwa Myawaddy a Myanmar, aka kulle su suna damfarar mutane ta intanet. A farkon 2025 an fito da dubbai daga waɗannan gidaje, cikinsu akwai 'yan Habasha da 'yan Kenya. Saboda haka ka nemi sunan makarantar, da gundumarta, da lardinta. Ka nemi a haɗa ka da shugaban makarantar ta bidiyo, ka ga allon ƙofar makarantar da idonka. Ka nemi lambar wanda ya yi aikin kafin kai. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Fasfonka kuma ba ya kwana a hannun kowa.

Inda za ka

Yankin sunansa Isan. Larduna 20 ne a kan tudun Khorat, kogin Mekong ya raba shi da Laos, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar a nan suke. Shi ne yankin da ya fi ƙarancin samu. Noma ne sana'a: shinkafa, rogo, rake, da itacen roba. A gida suna magana da harshen Isan, ɗan'uwan harshen Laos, a aji kuma da ofis harshen Bankok. Wannan zai shafi aikinka, domin yaron da za ka koya wa Turanci harshe na uku yake ɗauka.

Abin da zai fara ɗaukar hankalinka shi ne ƙarancin matasa. Tsofaffi ne da yara. Iyayen suna Bankok ko masana'antun gabar teku ko ƙasashen waje, suna aiko kuɗi, kakanni ke riƙon jikoki. Shi ya sa makarantun ƙauye suka ƙanƙance, da yawa ɗalibansu ba su kai 120 ba, malami ɗaya na haɗa aji biyu. Wani lokaci malamar da aka damƙa wa Turanci lissafi ta karanta. Ka riƙe wannan a ranka don kada ka raina ta; ita za ta zama gatanka a garin.

Yadda yini ke tafiya

Gari na tashi tun duhu. Zakaru, sai lasifikar da ke kan turke a tsakiyar gari, inda mai gari ke karanto sanarwa: taro, rasuwa, ranar allurar shanu. Da hantsi bai yi ba sufayen addinin Buda masu rawayar tufa za su bi layi ba takalmi, mata na zuba musu shinkafa a ƙwarya. Kai da ka riga ka tashi Asuba wannan ba zai dame ka ba, kuma tsofaffin garin za su lura cewa baƙonsu ba mai barcin safe ba ne. Hakan na ƙara maka daraja fiye da yadda kake zato.

Wanka na bokiti ne daga randar siminti, bayan gida na tsuguno, da ruwan tsarki a gefe. Turawa kan wahala da wannan, kai ba ruwanka. Ƙarfe 8 ana taken ƙasa da ɗaga tuta, kowa ya tsaya cik; da ƙarfe 6 na yamma ma ana sa shi a rediyo da wuraren jama'a. Bayan tuta yara za su yi karatun addinin Buda. Ka tsaya shiru, hannu a sake, kamar yadda malamai Musulmi 'yan ƙasar ke yi. Ba wanda zai tilasta maka.

Takalmi a waje ake barin su. Riga mai kwala, wando mai guga. Malami a can mutum ne mai martaba, kuma da tufafinsa ake fara auna shi. Ranar Litinin malaman gwamnati kan zo cikin kaki. Yara za su kira ka "khru", wato malam, su haɗa da sunanka yadda bakinsu ya iya. A aji za ka tarar sun haddace nahawu amma suna tsoron buɗe baki. Harshensu ba ya ƙare kalma da s ko l, don haka za su yanke s ɗin, su mayar da l ta zama n. Ba taurin kai ba ne, haka kunnensu ya saba. Waƙa da wasa da maimaici sun fi dogon bayani amfani. Kuma ka shirya ranka: za ka tsara darasi da daddare, ka zo da safe a ce yau babu aji, ana atisayen wasanni, ko 'yan sikawut, ko biki a gidan ibada. Ba raini ba ne, an ɗauka ka sani domin kowa ya sani. Ka samu malami ɗaya da za ka riƙa tambaya kowace yamma me ke akwai gobe.

Wajen ƙarfe 4 an tashi. A nan ne ainihin aikin yake farawa, ko da yake ba a rubuta shi a yarjejeniyarka ba. Idan ka shige ɗaki ka rufe ƙofa da wayarka, za a ce ba ka da lafiya ko kana fushi da garin. Fito ka buga ƙwallo da yara, ka je kasuwar yamma, ka zauna a kan gadon gora a ƙarƙashin gida inda tsofaffi ke saƙa. Duk wanda ka gamu da shi zai tambaye ka ina za ka, ka ci abinci ko ba ka ci ba. Gaisuwa ce, ba bincike ba. Lokacin dashen shinkafa a Yuni da Yuli, ko girbi a Nuwamba da Disamba, ka shiga gona ko na rabin yini ne. Za a yi shekara ana ba da labarin.

Abinci

A nan ne wahalar take, ba zan ɓoye maka ba. Abinci ne ke haɗa mutanen Isan. Ana shimfiɗa tabarma, a jera kwanoni a tsakiya, kowa ya gutsuro shinkafa mai danƙo daga ɗan kwando, ya dunƙula da hannu ya dangwala. Wanda ya ƙi zama ya ƙi mutane. To amma alade ne naman yau da kullum, kuma ba a yanka kaɗai yake zuwa ba. Yana cikin romon taliya, yana cikin man suya, yana cikin garin ɗanɗano, wata miyar har da jini ake kaɗa ta. Jimlar farko da za ka koya ita ce "mai kin mu", ba na cin alade. Amma ita kaɗai ba ta isa ba, domin mai dafuwa za ta tsame naman ta miƙo maka romon da zuciya ɗaya. Sai ka zauna da mai dafa abincin makaranta da uwar masaukinka, da wani mai fassara, ka bi abin ɗaya bayan ɗaya: nama, romo, mai, jini, giya. Ka yi wannan a kwanakin farko. Idan ka ci sau biyu don kunya, ranar da ka ƙi za a ɗauka girkin ne ka raina.

Kazar kasuwar ƙauye ba yankan Musulmi ba ce. Kajin leda na manyan kantuna da yawa suna ɗauke da tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar, mai siffar lu'ulu'u da rubutun Larabci a ciki. Haka ma kayan gwangwani da taliyar leda, har a shagunan 7-Eleven da za ka samu a garin gunduma. Ka sayi tukunyar shinkafa ta lantarki da kaskonka na kanka. Abin da ya rage maka a tabarma ba kaɗan ba ne: gasasshen kifi, ƙwai, ganyaye, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi da barkono, mangwaro, ayaba, tsamiya, har da soyayyar fara. Idan za ka zauna da su, zo da kwanonka ka ajiye a tsakiya kowa ya ɗanɗana. Sai ka zama mai kawowa, ba mai ƙi ba. Ka taho da yaji da kuka da daddawa. Kilishi ka bar shi a gida, ba a shiga da nama ba tare da izini ba.

Abu ɗaya ka guje shi ko da halal ne: ɗanyen kifin ruwan daɗi da ake yankawa a kwaɗa. Yana ɗauke da tsutsar hanta, ita ce ta sa lardin Khon Kaen da kewaye suke cikin wuraren da suka fi fama da kansar bututun matsarmama a duniya.

Giyar shinkafa kuwa ba a biki ko makoki sai da ita, kuma za a miƙo maka. Ka ce addininka ya hana. Wannan hujja ce da suke ganewa, domin barin maye yana cikin dokoki biyar na mabiyin Buda, kuma da yawansu kan daina sha a watanni uku na damina da sufaye ke zaman gidan ibada.

Salla da bukukuwansu

Musulmi a Tailan kamar kashi 5 cikin 100 ne, mafi yawansu a kudu. A Isan ƙalilan ne, amma akwai masallatai a manyan garuruwa irin su Khon Kaen da Udon Thani da Nakhon Ratchasima, kuma a kusa da masallaci ake samun mahauci da mai sayar da shinkafa da kaza ta Musulmi. Mafi yawan Musulmin ƙasar Shafi'awa ne, za ka ga ɗan bambanci a salla, kada ya dame ka. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Azahar tana faɗowa a hutun cin abinci, sai ka roƙi ɗan lungu a ɗakin karatu. Ban taɓa ganin shugaban makarantar da ya hana ba. Juma'a ce matsala, domin masallacin na iya zama tafiyar awa ɗaya ko biyu. Ka nemi a bar maka yammacin Juma'a tun ana tsara jadawali, ba bayan an kafe shi a bango ba. Ko sau ɗaya a wata ka samu, ka je, domin can za ka sami 'yan'uwa da nama da wanda zai gaya maka ranar ganin wata.

Gaisuwarsu haɗa tafuka ne a ƙirji da ɗan sunkuyar da kai, ƙarami ke fara yi wa babba. Musulmin ƙasar da yawa suna yi wa mutane ita a matsayin gaisuwa, ba sa yi wa gunki. Akwai kuma abubuwa biyu da za su same ka ba shiri. Na farko bikin maraba, inda tsofaffi ke ɗaura wa baƙo farin zare a wuyan hannu suna yi masa fatan alheri. Asalinsa imani ne da kiran kurwar mutum ta dawo jikinsa. Na biyu ranar girmama malamai, wata Alhamis a watan Yuni, inda yara ke kawo furanni su durƙusa har ƙasa a gaban malamansu. Ni ba malamin fatawa ba ne. Ka kai waɗannan biyun gaban malaminka tun kana gida, ka tafi da matsaya. Abin da zan iya shaida maka shi ne, idan ka yi bayani kwana biyu kafin bikin, a keɓe, suna nemo mafita da kansu: a miƙa maka zaren a hannu, ko yara su ba ka furen a tsaye. Abin da ke ɓata zumunci shi ne janye hannu a gaban taro, tsohuwa ta riga ta miƙo. Makoki ma haka: gawa ƙonawa ake yi a gidan ibada. Kana iya zuwa gidan mamaci ka yi ta'aziyya, ka taya jera kujeru, ka tsaya a nan.

Fata, da abin da ba a faɗa

Za a kalle ka. Yara za su taɓa hannunka da gashinka, wata tsohuwa za ta ce maka baƙi ƙirin tana dariya. A ƙauye yawanci mamaki ne, kuma yakan wuce cikin 'yan makonni. Sai dai akwai fifita farar fata a ƙasar, tallan man bilicin ya cika talabijin, su kansu mutanen Isan 'yan birni na yi musu gorin duhun fata. Wasu iyaye za su so a ce Bature aka kawo, wani ma zai tambaya ko Turancinka na gaske ne. Yana da ciwo. Maganinsa shi ne ranar da yaro ya koma gida ya gaishe da kakarsa da Turanci. A birane kuma 'yan sanda kan tsayar da 'yan Afirka saboda zargin ƙwaya, don haka kwafin fasfo da na izinin aiki su zauna a aljihunka, kuma kada ka riƙe wa kowa kaya.

Mutanen nan suna da kara irin wadda ka sani a gida, har ta fi. Ba za a ce maka a'a ba, za a yi murmushi a ce to, sannan abin ya ƙi faruwa. Ba za a ce ka yi kuskure ba, sai dai ka ji daga bakin mutum na uku. Kai ma haka za ka bi da su. Kada ka ɗaga murya, kada ka gyara wa malama Turancinta a gaban ɗalibai, kada ka zo da tsarin gyara makaranta a watan farko. Kan mutum abu ne mai daraja a wurinsu, ba a taɓa na babba. Ƙafa kuma ba a nuna mutum da ita, ba a tsallake wanda ke zaune. Batun sarki ka kame bakinka gaba ɗaya. Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarauta, kuma rubutun Facebook na ciki.

Kaɗaici zai zo, yawanci a wata na biyu ko na uku, bayan ɗoki ya wuce kuma harshe bai zauna ba. Harshen Bankok yana da karin sauti biyar da baƙaƙe 44. Kai da harshenka ke da hawa da saukar murya, kunnenka zai kama da wuri fiye da na Bature. Ka sa yara su zama malamanka, suna jin daɗin hakan ƙwarai.

Lafiya da hanya

Abin da ya fi kashe baƙi da 'yan ƙasa ba maciji ba ne, babur ne. Ta hagu ake tuƙi, kuma mafi yawan masu mutuwa a titunan ƙasar 'yan babur ne. Keke ya ishe ka cikin gari, zuwa gunduma kuma akwai a-kori-kura mai benci biyu. Da damina sauron rana na kawo zazzaɓin dengi. Idan zazzaɓi ya kama ka kada ka ɗauka maleriya ce ka sha abin da ka saba, ka je asibiti a gwada. Shiga gona da ciwo a ƙafa na kawo cuta daga laka, sa takalmin roba. Kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke da sabulu ka tafi allura a ranar. Kowace ƙaramar gunduma tana da ɗakin shan magani, kowane ƙauye yana da 'yan sa-kai na lafiya, lambar motar asibiti 1669. Tsarin jinya mai rahusa na bat 30 (bat kuɗin ƙasar ne) da ya game ƙasar a 2002 na 'yan ƙasa ne, don haka ka tabbatar ƙungiyar ta yi maka inshora a rubuce.

Duk wannan daga Isan na faɗe shi, kuma daga idon namiji. Ƙauyukan duwatsun arewa na ƙabilun Karen da Hmong da Akha wata duniya ce daban. A kudu akwai ƙauyukan Musulmi inda abinci da salla ba za su zama magana ba, sai dai lardunan Pattani da Yala da Narathiwat suna fama da rikici tun 2004.

Idan takardu sun tabbata, ka nemi isa a tsakiyar Mayu da ake buɗe zangon farko, ko farkon Nuwamba da ake buɗe na biyu, lokacin sanyi ya fara. Afrilu hutu ne da tsananin zafi, ba abin da za ka tarar sai bikin watsa ruwa. Ita kuma Hajiya, ka ba ta sunan makarantar da lambar shugabanta a rubuce, ka sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Bankok cewa kana ƙasar, ka sa ranar kira tsayayya. Tailan tana gaban Najeriya da awa 6, don haka bayan Isha'inka ita tana Azahar ko kusa. Kuɗin tikitin dawowa su kasance a hannunka, ba a hannun ƙungiya ba. In kuwa sun kasa kawo wasiƙar biza ta aikin sa-kai, ko sun ƙi haɗa ka da makarantar, to ka haƙura da wannan, ka nemi wata.